Rufe Littafin, Ka Tambaye Shi

A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi wa haddarsa, inda ya ga galibin mantuwa a ranar farko take aukuwa. A 2006 kuma Roediger da Karpicke a Amurka suka nuna ɗalibin da aka rufe wa littafi aka tambaye shi ya fi riƙe darasi bayan mako guda, kan wanda ya yi ta sake karantawa.

Malamin allo zai yi murmushi: ai ba a wanke allo sai yaro ya biya da ka.

To, Alhaji, in ka je biyan kuɗin makaranta a Kumasi ko Kwatano, tambayi hedimasta: ana horar da malamai kan wannan, ko kwafar allo kawai yara ke yi? Hajiya kuma, bayan isha'i, karɓe littafin, ki tambaye shi darasin shekaranjiya.