A DUBI MUDU KAFIN A KARƁI AWO

Kowane wata da kowace shekara, akwai waɗansu kamfanoni a Turai da Amurka da su ke fitar da jerin harsunan da a ke rubuta wa kwamfuta umurni da su, suna cewa wannan shi ne na ɗaya, wancan kuwa ya gangaro zuwa na biyar. Labarin nan ya kan iso mana, har ka ji malami ya ce zai jingine harshen da ya ke koya wa yara domin an ce kwanansa ya ƙare, ko kuwa akawu ya raina abin da ofishinsu ke aiki da shi domin bai ga sunansa a sahun gaba ba. A ganinmu wannan gaggawa ce, kuma muna so mu jawo hankalin masu karatu su tsaya su bincika yadda a ke yin awon kafin su yarda da shi.

Harsunan nan ba jiya su ka fara ba. A 1957 kamfanin IBM ya fito da Fortran domin lissafin masana kimiyya. A 1959 a ka tsara COBOL domin aikin ofis, watau albashi da haraji da ajiyar banki. Dennis Ritchie ya ƙago C a 1972, Guido van Rossum ya fito da Python a 1991, kana Java da JavaScript su ka zo a 1995. Tun da su ka yawaita haka, ba laifi ba ne mutane su so sanin wanda ya fi karɓuwa. Amma ba wanda ya taɓa bi ofis ofis ya ƙidaya masu aiki da kowane harshe, kamar yadda a ke ƙidayar jama'a. Kowane mai awo ya samo wata alama ce ya kama, ya ce ita ce mudunsa.

Kamfanin TIOBE na ƙasar Holan, wanda lissafinsa ya faro daga 2001, yana ƙidaya yawan shafuffukan intanet da su ka ambaci sunan harshe in an bincika. Ma'aunin PYPL yana duban yawan masu neman darussan koyon harshe a Google. Kamfanin RedMonk yana gwama aikin da a ka ajiye a GitHub da tambayoyin da a ka yi a Stack Overflow. Shi kuma Stack Overflow ya kan aika da tambayoyi kowace shekara, wanda ya ga dama ya amsa. To, na farko yana auna yawan magana, na biyu yana auna masu sha'awar koyo, na uku aikin da a ka baje a fili, na huɗu kuwa ra'ayin waɗanda su ka sami sukunin amsawa.

Da ya ke mudun ya bambanta, tilas awon ya bambanta. A watan Oktoba na 2021 TIOBE ya ce Python ya hau na ɗaya, bayan C da Java sun yi shekara ashirin suna karɓa-karɓa. Amma a amsoshin Stack Overflow, JavaScript ne ya yi fiye da shekara goma a jere yana kan gaba. A lissafin GitHub kuwa sai 2024 Python ya wuce JavaScript. Wanne ne ya yi ƙarya a cikinsu? Babu, gama ba abu ɗaya su ke aunawa ba.

Bayan wannan, shi kansa mudun ya kan lotsa. A 2004 Google ya gyara hanyar bincikensa, nan da nan Java ya yi mummunar faɗuwa a jerin TIOBE, alhali kuwa ba wani ma'aikaci da ya bar aiki da shi. Sai da kamfanin ya ƙara waɗansu hanyoyin bincike don ya rage irin wannan tangarɗa. Haka kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, masu kai tambaya Stack Overflow sun ragu ƙwarai, domin sun sami wata ƙofa. Duk awon da ya dogara da yawan tambayoyin nan, lalle ya raunana.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne aikin da ba ya shiga mudu ko kaɗan. Banki ba ya baje littattafansa a kasuwa, ma'aikatar kuɗi ba ta tallan yadda ta ke lissafin fansho. Saboda haka COBOL ba ya jin kiɗa a jerin nan, ga shi kuwa har yanzu bankuna da ofisoshin gwamnati da yawa suna dogara da shi. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, Gwamnan Jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda su ka iya COBOL, domin na'urorin biyan kuɗin marasa aiki sun kasa ɗaukar yawan masu nema. Ran nan an tabbatar da cewa da tsohuwar zuma a ke magani. Fortran ma, wanda ya girmi COBOL, da shi a ke yin babban rabo na lissafin hasashen yanayi, har ya komo cikin goma na farko a jerin TIOBE a 2024.

Kada a ɗauka muna cewa jerin nan ba shi da amfani. Yana da shi, in an dube shi a tsawon shekaru, kuma an nemi dalilin hawa da sauka. Python ya yi shekara talatin kafin ya kai kan gaba, kuma abin da ya ɗaga shi sananne ne: yana da sauƙin koyo, jami'o'i sun rungume shi, masu nazarin alƙaluma da masu aikin ƙirƙirarriyar basira sun mai da shi kayan aikinsu. Objective-C kuwa ya yi tashe ne saboda wayar iPhone, da kamfanin Apple ya fito da Swift a 2014 sai ya yi ta ja da baya. Darasin da ke ciki shi ne, harshen da ya rataya ga kamfani ɗaya, ƙarfinsa na hannun kamfanin nan. Irin wannan fahimta ba a samunta daga labarin wata guda.

Shawararmu ga malamai ita ce su zaɓi harshe ɗaya mai sauƙi wanda a ke samun littattafansa, su tsaya a kansa har yaro ya iya rarraba matsala daki daki, ya san sharaɗi da maimaici, ya iya gano kuskurensa da kansa. Waɗanda su ka koyi BASIC da Pascal a makaranta ba su yi asara ba, ko da ya ke harsunan sun ja baya, gama tunanin da su ka koya shi su ka ɗauka zuwa sababbi. Malamin da ke sauya manhaja duk lokacin da jeri ya motsa zai yaye yara masu gaisuwa da harshe biyar, ba su iya zance da ko ɗaya ba.

Ga akawuna da shugabannin ofisoshi kuwa, in an zo muku da tayin sabon tsari, a ka kafa hujja da cewa harshensa ne na ɗaya a duniya, ku tambaya a wane jeri, kuma me jerin ya auna. Sa'an nan ku tambayi abin da ya fi: in ya lalace bayan shekara goma, wa zai gyara shi a nan kusa, kuma nawa za a biya? Kuɗin da za a kashe na jama'a ne, takardun da za a zuba ciki kuma haƙƙin mutane ne, albashinsu da filayensu da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. Wanda ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Allah Ya sa mu gane.