Injin goge duwatsu da darasin da allo ya kasa koyarwa

Shekara da shekaru ina koyar da lissafin gwargwado a wata makarantar CEG a nan Dogon Dutsi, abin da littafinmu na Faransanci ke kira «règle de trois». Yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, bayan sati biyu ka tambaye su kamar ba a taɓa yi ba. Bana wani ƙaramin inji da muka harhaɗa da tarkacen kasuwa ya sa na gane cewa laifin ba na kan yaran ba ne kaɗai. Shi ya sa nake son magana da ƴan'uwana malamai da kuma iyaye.

Injin goge duwatsu ba wani abin mamaki ba ne. Gwangwani ne ake zuba wa tsakuwa da ruwa da gari mai kaifi, a rufe, a kwantar da shi bisa sanduna biyu, ya yi ta juyawa dare da rana har tsakuwar ta yi sumul. Aikin da ruwan ƙorama ke yi a shekaru masu yawa, shi yake yi cikin wata guda. Namu da guntun bututun roba mai faɗin santimita 16 muka yi, muka shimfiɗa masa robar taya a ciki. Mai walda ya haɗa mana ƙafafu, ya ɗora sanduna biyu masu kaurin santimita 2 a kan boris. Tsohon injin lantarki muka samu, an rubuta a jikinsa cewa yana juyi 1400 a minti.

Ranar gwaji na farko puli biyu masu girma ɗaya muka sa. Muna kunnawa sai tsakuwa ta yi ƙara kaɗan, daga nan shiru. Yara suka yi tafi, a ganinsu inji mai kyau ba ya surutu. Na san abin da ya faru, kuma da ƙyar na kame bakina. Muka bar shi ya wuni. Da yamma muka buɗe, tsakuwa tana nan yadda muka zuba ta.

Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ita ta warware mana. Ta ce in ta ɗaura igiya a guga ta kaɗa shi sama da kanta da ƙarfi, ruwan ba ya zubewa, to haka tsakuwar ta manne a bangon gwangwani. Gaskiyarta. Kowane gwangwani yana da iyakar gudun da in an wuce ta, abin da ke ciki ba ya faɗowa. Ga mai faɗin santimita 16, iyakar tana wajen juyi 106 a minti, kuma in faɗin ya ninka huɗu sai ta ragu da rabi. Yaran suka lissafa namu: sanda mai santimita 2 tana juya gwangwani mai 16, wato sai ta yi juyi 8 shi ya yi ɗaya. Suka raba 1400 da 8, suka samu 175. Mun wuce iyaka nesa.

Wani ya ce a rage wa injin wuta. Irin wannan inji gudunsa yana bin bugun lantarkin da ke shigowa ne, in ka matse masa wuta sai ya yi zafi ya ƙone. Dole a koma ga puli. Na ce musu ana son gudu tsakanin juyi 40 zuwa 50, su nemo mini girman pulin. Ranar ba wanda ya tambaye ni ko wannan zai fito a jarrabawa. Suka yi gardama, suka cika allo, daga ƙarshe suka tsaya kan ƙaramin puli mai santimita 3 da babba mai 12: sanda za ta yi juyi 350, gwangwani kusan 44. Muka yi masa alama da alli, muka ƙirga da agogon waya, muka samu 41. Neman inda juyi ukun nan suka ɓace ya kai su ga gano cewa bel yana sulɓewa. Wannan karon kuwa ana jin tsakuwa tana hawa tana gangarowa kan ƴar'uwarta, wanda shi ne ainihin gugar. Da muka gwada rage gudun sosai, sai muka ga tana zamewa gaba ɗaya a ƙasa, gefe guda kawai ke cinyewa.

Ra'ayina shi ne, amfanin wannan inji yana cikin kuskuren farko da gyaransa. Malamin da ya kawo shi a kammale yana aiki, ya nuna wa yara su kalla, ya hana su darasin. Uban da ya ga ɗansa yana kwance tsohuwar fanka ya kore shi da «bar wasan banza, je ka yi karatu», shi ma hakan ya yi.

Na san abin da za a ce mini. Na farko, wuta. Gaskiya ne tana ɗaukewa, ƙauyuka da yawa na wajen Matankari ko Gecheme ma babu ita. Amma injin goge gilashin mota yana aiki da batir mai bolt 12, da ma a hankali yake juyawa, kuma farantin sola na iya riƙe shi. In ya tsaya ba abin da ke lalacewa, lokaci ne kawai ke ƙaruwa.

Na biyu, za a ce dutse mai sheƙi ba ya cika tumbi. Na yarda, kuma ba na yi wa kowa alkawarin sana'a. Duwatsunmu na Dallol Mawri, har da na Tozon Bijini, galibi marmara ce da dutsen yashi, waɗanda ke rugujewa su zama taɓo a cikin gwangwani. Sai farar tsakuwar nan mai tauri ke jurewa. Amma tantance su ma darasi ne. Tun 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, kuma farar tsakuwa tana kan 7. Yaro ya karce kwalba da ita: in ta yi zane, ta cancanci shiga. A nan ne kuma zai gane dalilin da ya sa yashi ke jinkiri wajen cin ta, tunda taurinsu ɗaya, sai an nemi garin da ya fi ta, kamar dakakken guntun dutsen washi na masu walda.

Na uku, haɗari. Bel yana cin yatsa da bakin hijabi. A yi masa murfi, kuma kada yaro ya taɓa wayar wuta babu babba a kusa.

Roƙona ga shugabannin makarantun Dogon Dutsi da Tibiri shi ne su ware ko da awa biyu a sati don aikin hannu irin wannan, su gayyato mai walda ko bakanike ya zauna da yara. Iyaye kuma, tsohon injin da ke jibge a zaure ku ba makaranta aro. Da ɗanku ya dawo, ku tambaye shi juyi nawa gwangwaninsa ke yi a minti, da yadda aka yi ya sani.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Namu yana sati na uku yana juyawa, kowace Litinin yara su buɗe, su wanke, su canza gari zuwa mai laushi. Allah Ya yi wa ƴaƴanmu albarka, Ya sa mu sauke nauyinsu da ke kanmu.