Wane Sashe Ne Zai Kwantar da Tsohon da Ya Karye a Kwatangwalo?

Idan hoto ya nuna ƙashin kwatangwalon tsoho ya karye, akan yanke wata shawara a ɗakin gaggawa wadda 'yan uwa ba su ma san ana yanke ta ba: a ƙarƙashin wane sashe za a kwantar da shi, na likitocin ƙashi ko na likitocin cututtukan ciki? Abin da aka saba shi ne karaya ta likitan ƙashi ce, magana ta ƙare. A ganina wannan sabo yana cin rayukan iyayenmu.

Dattijon da ya haura saba'in ba da karaya kaɗai yake zuwa ba. Yana zuwa da hawan jini, da ciwon suga, da ƙodar da ta gaji, wani lokacin har da maganin tsinka jini a aljihu. Faɗuwar ma tana da sanadi: jiri ne, ko bugun zuciya ne ya rikice, ko maganin barci ne ya yi yawa. Bayan tiyata kuma ba ƙashin ke kashe shi ba. Ciwon huhu ne, da gudan jini da ke tasowa daga ƙafa, da gyambon kwanciya, da ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya cikin dare, wadda 'yan uwa kan ce gigin tsufa ne alhali sau da yawa ciwon fitsari ne ko ƙarancin ruwa a jiki. Hukumar NICE ta Ingila ta rubuta a 2011 cewa kusan mutum ɗaya cikin goma masu wannan karaya na mutuwa a watan farko, kusan kashi ɗaya bisa uku kuma cikin shekara. Likitan ƙashi gwani ne, amma wuninsa a ɗakin tiyata yake ƙarewa. Wa zai lura cewa Baba ya daina cin abinci?

To a miƙa shi ga likitocin ciki kenan? Nan ma akwai haɗari. Gwaji kan haifi wani gwajin, a yi ta ɗaga tiyata, kuma kowace rana da tsoho ya ƙara a kwance ƙarfinsa raguwa yake.

Akwai hanya ta uku. Tun wajejen 1960 wasu likitoci biyu a garin Hastings na Ingila, Michael Devas likitan ƙashi da Bobby Irvine likitan tsofaffi, suka riƙa zagaya marasa lafiya tare. Daga baya ƙasar ta mai da wannan ya zama tsari. A 2007 aka buɗe rajistar masu karayar kwatangwalo ta ƙasa, a 2010 kuma aka ɗaura ƙarin kuɗin da ake biyan asibiti a kan sharuɗɗa: a kwantar da mutum da sunan likitocin biyu, a yi tiyata cikin awa 36, likitan tsofaffi ya duba shi cikin awa 72. Masu mutuwa a watan farko suka ragu daga kusan kashi 11 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 7 kafin zuwan korona.

Za a ce mu ina muka ga likitocin tsofaffi? Gaskiya ne, 'yan kaɗan ne. Cibiyar kula da tsofaffi ta farko a Nijeriya sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Amma babu asibitin koyarwa da ba shi da likitan ciki. Abin da nake nema ba ya bukatar sabon gini. Tsohon ya kwanta a ɗakin ƙashi, inda ma'aikatan jinya suka san yadda ake juya wanda aka yi wa tiyata, amma tun ranar farko a rubuta sunan likitan ciki guda a katinsa, ya riƙa zuwa kullum ba sai an aika masa takarda ba. Mai gashin ƙashi kuma ya tsayar da shi da ƙafarsa washegarin tiyata.

'Yan uwa su ma da nasu. Wannan karaya ba ta mai ɗori ba ce, domin idan wuyan ƙashin ne ya karye jini kan yanke wa kan ƙashin, sai dai a sa ƙarfe ko a sauya shi. Ku kawo duk magungunan da yake sha, har na gargajiya. Sannan ku tambayi babban likita kai tsaye ranar da za a yi aikin, da sunan wanda zai riƙa duba zuciyarsa da ƙodarsa kafin ranar da bayanta.