SHAWARA GA IYALI: Zaɓen Inshorar Haƙori a Amurka

A wannan wata wasiƙar wata uwa ce ta ba mu abin magana. Ɗanta yana aiki a Amurka, yana da mata da 'ya'ya uku. Bara matarsa ta yi fama da ciwon haƙori, da likita ya gama aiki ya miƙo takardar kuɗi, sai da ta cinye abin da ya tara domin makarantar ƙannensa a gida. Bana kuwa an ba shi takarda a wurin aiki ya zaɓi inshorar haƙori ɗaya daga cikin iri uku, kafin wata ya ƙare. Ya buga wa uwarsa waya ya ce kansa ya ɗaure. Ita kuma ta rubuto mana ta ce, "Ku taimake mu da bayani, gama abin da ya taɓa aljihunsa ya taɓa tukunyarmu."

Mama, mun ji. Ga abin da za ki faɗa masa.

Inshora ta yi kama da adashi, watau mutane da yawa suna zubi kowane wata. Amma a adashi kowa yana jiran ranar ɗaukarsa, a inshora kuwa wanda lalura ta sama shi a ke biya wa. A Amurka inshorar haƙori dabam ta ke da ta sauran jiki. An fara ta a shekara ta 1954 a jihar Washinton, domin 'ya'yan ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Dokar lafiya ta 2010, ta zamanin Shugaba Obama, ta sa kula da haƙoran yara cikin abubuwan da dole a tanada, amma ba ta sa na manya ba. Saboda haka kada mutum ya zaci katinsa na asibiti zai biya masa likitan haƙori.

Iri na fari shi ne wanda su ke kira HMO na haƙori. Shi ya fi arahar zubi. Mutum zai zaɓi likita guda daga cikin jerin likitocin kamfanin, a wurinsa kaɗai zai riƙa zuwa, shi da iyalinsa. Kowane aiki yana da kuɗinsa a rubuce, dubawa da wankin haƙori kuwa sau da yawa kyauta ne. Yawanci ba a sa iyaka ga abin da za a yi wa mutum a shekara. Amma in ya je wurin wani likita dabam, shi zai biya duka. In kuma aikin na gwani ne, sai likitansa ya aike shi da takarda tukuna.

Iri na biyu PPO ne, shi ne kuwa ya fi yawa a ƙasar. Zubinsa ya fi na fari. Kamfani ya yi yarjejeniya da likitoci da yawa su rage farashi. Mutum yana da damar zuwa wurin wanda ya ga dama, amma in ya fita daga jerin, rabonsa na biya zai ƙaru. Ga yadda a kan raba: dubawa da wanki da hoton haƙori, kamfani ya kan biya duka, ciko da cire haƙori, kashi 80 cikin 100, manyan ayyuka kamar sa wa haƙori hula ko haƙoran roba, rabi.

Iri na uku shi ne tsohon tsari, na biya a maido maka. Mutum ya je wurin kowane likita a ko'ina, ya biya da kuɗinsa, sa'an nan ya aika wa kamfani rasit. Ba abin da ya biya za a duba ba, kamfani yana da nasa farashin da ya ɗauka shi ne daidai a garin, a kansa zai yi lissafi. Zubinsa ya fi duka tsada, mai shi kuma tilas ya kasance da kuɗi a hannu ranar ciwo.

Akwai na huɗu da masu talla su kan kawo, katin rangwame. Wannan ba inshora ba ce. Mutum ya biya kuɗin shekara, likitocin da ke cikin tsarin su rage masa farashi, sauran duka daga aljihunsa. Yana da amfani ga wanda ba shi da kome, muddin ya san abin da ya saya.

To, kafin ya sa hannu, abu uku ne mu ke so ya nema a cikin ƙananan rubutun nan da mutane ba su son karantawa.

Na ɗaya, iyakar shekara. A tsarin PPO da na biya a maido maka, kamfani yana da adadin da ba ya wucewa ga mutum guda a shekara, yawanci tsakanin dala 1,000 da 2,000. Akwai kuma ɗan kuɗin farko da mutum zai biya da kansa kafin kamfani ya sa hannu, sau da yawa dala 50. Bari mu yi lissafi a misali. A ce hular haƙori dala 1,200 ce, iyakar shekara kuma 1,500. A hula ta fari zai biya 50 tukuna, saura 1,150 a raba biyu: kamfani 575, shi kuma 625 gaba ɗaya. In haƙora uku ne ke bukatar hula a shekara guda, kuɗinsu 3,600 ke nan. Kamfani zai tsaya a 1,500, shi ya nemo 2,100. Don haka ne masu dabara su kan roƙi likita, in jinkiri ba zai cuce su ba, ya yi wani aikin a ƙarshen shekara, wani a farkon mai zuwa.

Na biyu, lokacin jira. Kamfanoni da yawa ba su biyan babban aiki sai mutum ya yi wata 6 ko 12 yana zubi, musamman in shi ya sayi inshorar da kansa. Wanda ya bari sai kumatunsa ya kumbura sa'an nan ya nemi inshora, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, giɓin da a ka zo da shi. Wasu kamfanoni ba su biyan kuɗin maye haƙorin da ya fita tun kafin a shiga tsarinsu. Wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai, gama da yawa sun tafi can da giɓin da su ka samu tun a gida. Haka kuma wayar daidaita haƙoran yara: ba kowane tsari ke biyanta ba, wanda ke biya kuwa ya kan sa mata iyaka guda ta dukan rai.

Wanne ne zai zaɓa? Ya zauna da matarsa su ƙidaya bakunan gidansu. In haƙoran kowa lafiya, bukatarsu dubawa ce da wanki sau biyu a shekara, kuma akwai likitan HMO kusa da gida, wannan ya isa. In kuwa matar tana da sauran aiki, tana kuma da likitan da ta amince da shi, ya tambayi likitan ko yana cikin jerin PPO ɗin. Ya roƙe shi ya rubuta aikin da ya rage da kuɗinsa. Sa'an nan ya haɗa zubin wata 12 da rabon da zai biya a kowane tsari, ya kwatanta. Zubi mai araha ba kullum ne ya ke zama araha a ƙarshen shekara ba. Ya kuma tuna, a wurin aiki yawanci sau ɗaya a shekara a ke buɗe ƙofar zaɓe, sai dai in an yi aure ko haihuwa ko wani babban canji. In ya yi sakaci ranar ta wuce, sai baɗi.

Mu na gida ma maganar ta shafe mu. A Nijeriya an fara inshorar lafiya ta ƙasa a 2005, dokar 2022 kuma ta kafa hukumar NHIA. Ghana ta kafa tata a 2003. A tsarin Ghana a kan biya cire haƙori da ciko, ban da haƙoran roba. Kamfanonin inshora masu zaman kansu a Nijeriya kuwa su kan sa wa aikin haƙori iyakar kuɗi a shekara. Mai kati ya tambaya tun yana lafiya, me a ke biya, me ba a biya.

A ƙarshe, ko da kati ko babu, rigakafi ya fi magani. Asuwaki ko buroshi da man goge baki safe da dare, a rage wa yara alewa da lemon kwalba, a kuma kai su a duba tun rami yana ƙarami. Mama, ki gaishe mana da ɗanki da iyalinsa, ki kuma sanar da mu abin da ya zaɓa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.