Harsashi Marar Ƙara: Na Sa Shi a Lissafi, Bai Dace da Farautarmu Ba

Duk wanda ya daɗe yana buga PUBG Mobile ya san bindigar nan VSS. Kana laɓe a ciyawa ka harba, abokin karawa ya yi ta waige-waige bai san ta ina ake cin sa ba. Amma ka san haushinta: da zarar mutum ya ɗan yi nisa, sai harsashin ya riƙa faɗuwa a gaban ƙafarsa, dole ka ɗaga saiti sama da kansa kamar mai jifan mangwaro.

Makon jiya wani abokina ya turo bidiyo a zaurenmu na WhatsApp. Wani Ba'amurke ne ke harbin aladun daji da dare, bindigar tana ɗan yin "tas" kamar an ɓalle murfin lemo. Ya rubuta a ƙasa: "Da maharban Tiga da Doguwa za su sami wannan, da naman daji ya yi araha." Ni kuwa sana'ata rubuta manhaja, don haka na buɗe kwamfuta na rubuta 'yan layuka na Python in ga abin da lissafi zai ce. Amsar da na samu ita ce: wannan harsashi ba na farautarmu ba ne, kuma bai kamata mu yi fatan ganin sa a dajinmu ba.

Mene ne sabsonik?

Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana kan digiri 20. Da zafin Afrilu, in an kai digiri 40, yakan kai 355. Harsashin bindigar farauta ya ninka wannan gudun fiye da sau biyu, shi ya sa yake keta iska da wata ƙara mai kama da ta bulala. Salansa, wato bututun da ake ɗaura wa bakin bindiga, tana rage ƙarar fashewar albarushi ne kawai, ba ta iya komai da ƙarar bulalar nan. Sai masu ƙira suka rage wa harsashin gudu zuwa wajen mita 310 a daƙiƙa, suka ƙara masa nauyi. Shi ne sabsonik, mai tafiya ƙasa da gudun sauti. VSS ɗin PUBG ma bindiga ce ta gaske, Tarayyar Sobiyet ta ƙera wa dakarunta na musamman a shekarun 1980. Wanda ake yayi yanzu a YouTube shi ne .300 Blackout, da aka amince da shi a kasuwar Amurka a 2011.

Abin da lissafi ya nuna

Daga lokacin da harsashi ya bar bakin bindiga, ƙasa take jan sa. Iya daɗewarsa a hanya, iya faɗuwarsa. Na kwatanta guda biyu: .308 Winchester mai gudun mita 860 a daƙiƙa, da sabsonik mai 310. Na cire turjiyar iska don sauƙi, ke nan a zahiri faɗuwar ta fi haka.

A nisan mita 100, na farko ya sauka da santimita 7, sabsonik ya sauka da rabin mita. A mita 200, na farko santimita 27, sabsonik mita 2 cur, ya fi tsawon mutum. Tafiyarsa ta zama baka ke nan.

Za ka ce ai sai a gyara saiti. Haka ne, in ka san nisan daidai. A ce an daidaita saiti a mita 100, dabba kuma tana mita 150, kuskuren da ido ke yi cikin sauƙi a buɗaɗɗen fili. Mai .308 zai kauce da santimita 5, har yanzu yana cikin ƙirji. Mai sabsonik zai kauce da kusan santimita 38. A jikin gada wannan ƙafa ce, ko kuma ƙasa. A wasa in ka kuskure sai ka sake dannawa. A daji kuwa dabbar za ta tafi da karyayyar ƙafa ta mutu bayan kwana uku a inda ba mai ganin ta, ta zama mushe.

Ƙarfin da aka bayar a musayar shiru

Ƙarfin duka yana tafiya ne da gudu sau gudu. Ka rage gudu da rabi, ƙarfi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Harsashin .308 mai nauyin giram 9.7 yana fita da jul kusan 3,600. Sabsonik mai giram 14, duk da nauyinsa, bai wuce jul 700 ba. A Jamus doka ta hana harbin ƙaramar barewarsu da harsashin da bai kai jul 1,000 ba a nisan mita 100, manyan dabbobi kuma sai 2,000. Wato tun daga bakin bindiga wannan harsashi ya faɗi jarrabawar.

Sannan yawancin harsasan farauta an yi su ne su buɗe a jikin dabba don ta faɗi nan take, kuma gudu ne ke buɗe su. A hankali sai su huda su wuce. Ko shirun ma an yi masa ƙari a fim da wasa: babbar bindiga mai salansa tana nan da ƙarar da ta haura desibel 120, makirfon waya ne ke danne ta a bidiyo. Abin dariya kuma, tunda sauti ya fi harsashin gudu, ƙarar ce ke fara isa kunnen dabbar.

Inda yake da amfani

Gaskiya ɗaya ce, yana da wurinsa. Manomin Texas da aladun daji ke tone masa gona yana zaune a kan dakali, ya zuba musu abinci a nisan da ya riga ya auna, yana da na'urar auna nisa da harsashi na musamman mai buɗewa a ƙaramin gudu. Kunnensa ya tsira, maƙwabta sun yi barci. Amma cire dakalin da na'urar da nisan da aka sani, ka ga me ya saura.

A dajinmu

Maharbin Hausa ya warware matsalar nisa tun kafin a san Python. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana rausaya kamar tsuntsun, har ya iso dab da nama. Da sanɗa, da sanin inda iska ta dosa, da karnuka a farautar rani ake kama zomo da gada da zabin daji. Na nuna wa kawuna bidiyon, shi da ya tsufa da harba-ka-ruga a kafaɗa. Ya kalla sau biyu ya ce: "Ɗana, wanda ke tsoron a ji ƙarar bindigarsa, tambaye shi me yake harbi."

Maganar ta zauna mini. Dajinmu ba kango ba ne. Akwai makiyaya, akwai mata masu itace, akwai masunta a kan kwale-kwale a dam ɗin Tiga tun da aka gama shi a 1974. Ƙarar bindiga ita ce ke gaya musu su kauce. Harsashi mai tafiya a hankali kuma ya fi saurin zillewa in ya daki ruwa ko dutse, domin ba ya tarwatsewa, ga mu da ruwan Tiga da duwatsun Riruwai. Dajin Falgore kuwa gandun namun daji ne da aka hana farauta a cikinsa, kuma duk mai bin hanyar Kano zuwa Jos ya san shekarun da ɓarayin shanu da 'yan fashi suka yi suna ɓuya a can. Idan harsashi marar ƙara ya shigo yankin nan, ba mai neman zomo ne zai fara sayen sa ba.

Kada kuma a manta da doka. Ƙarƙashin Dokar Bindigogi ta 1959, kwamishinan 'yan sanda na iya hana riƙe ko bindigar toka sai da lasisi, kuma riƙe harsashi ba izini laifi ne. Matashin da sha'awar bidiyo ta ja shi neman irin wannan kaya a intanet, ƙarshensa ko hannun ɗan damfara ko hannun hukuma.

In abin ya burge ka, ga hanyar more shi kyauta. Sauke Pydroid 3 a wayarka, raba nisa da gudu ka sami lokaci, ka ninka lokacin da kansa, ka ninka da 4.9. Abin da ya fito shi ne mitocin da harsashi ya sauka. Canja lambobin ka ga yadda bakan ke lanƙwasa. Da irin wannan lissafin ake gina wasannin da muke ƙona data a kansu, kuma wanda ya iya shi ya kama hanyar rubuta nasa wasan. Abokina da ya turo bidiyon ya gwada, ya ce yanzu ya gane dalilin da VSS ke ba shi kunya a Erangel.