Raddi Ga Mai Cewa Ɗan Kasuwar New Bell Ba Ruwansa da Takarda da Kotu

Wata magana ta yi ƙarfi a tsakanin 'yan kasuwarmu na Duwala, daga layukan New Bell har bakin ruwan Yupwe, kuma wani malami da nake ganin girmansa ya ɗaure mata gindi a majalisinsa. Abin da ya ce a taƙaice shi ne: Bahaushe da amana ya gaji ciniki, rubuta bashi zargi ne ga ɗan'uwa, kotu cin kuɗi ce da ɓata lokaci, dokarta kuma ta Nasara ce, in rigima ta tashi, zauren Sarkin Hausawa ya wadatar. Allah ya gafarta Malam, zan bi maganar gaɓa-gaɓa. Inda ka yi daidai zan faɗa, inda ka bar mutane cikin hatsari ma zan faɗa.

Ka ce kakanninmu sun kai goro da shanu ko'ina ba tare da takarda ba. Haka ne. Sai dai ka ambaci amanar, ka tsallake abin da ya riƙe ta. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda bashin shanu ya tsaya a kan maigida: shi ke saukar da baƙo, shi ke lamunce wa mahauci, in mahaucin ya ci amana kuwa a rufe masa ƙofar bashi a kasuwar baki ɗaya. Tsoron wannan rufewar ne ya tsare dukiyar mutane. New Bell ma da irin wannan tsari ta tashi. Tun da Jamusawa suka tsaga ta a bayan gari, a rikicin ƙwace filayen Duwalawa da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell a 1914, ta zama unguwar baƙi, kowace ƙabila da shugabanta, kowa ya san gidan kowa.

To, sauka Yupwe da asuba, lokacin da kwale-kwalen Manoka da Cap Cameroun suke sauke kaya. Ɗauki ɗan kasuwarmu da ya ba da kuɗin mai da na raga tun kafin a fita ruwa, a kan za a kawo masa kwanduna kaza na bandar kifi. Wa ya bai wa kuɗin? Masunci ne daga gaɓar tekun Najeriya, ko wata mai banda da ke kwana a tsibiri, ba masallacinku ɗaya ba, ba harshenku ɗaya ba, in ta ga dama gobe ta sayar wa wani. Wace ƙofa Sarkin Hausawa zai rufe mata? Dokar sarautun gargajiya ta Kamaru, ta 15 ga Yulin 1977, ta yarda sarki ya yi sulhu, amma a tsakanin mutanen da ke ƙarƙashinsa. Wanda ba talakansa ba, in an kira shi ya zo, mutunci ya yi. In ya ƙi, sai kallo. Yawancin cinikinmu na yau kuwa, albasar Marwa ce ko shanun da ake kaiwa Bonendale ko yadin Nkololoun, da wanda ba namu ba ake ƙulla shi.

Gaɓa ta biyu ita ta fi ba ni mamaki daga bakin mai karatu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali ta sauka, da kafa shaidu, har da wanda zai yi shifta. Cinikin hannu-da-hannu kaɗai ta sauƙaƙa wa. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa cinikin salam take nufi, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, wanda shi ne ainihin abin da ake yi a bakin ruwan Yupwe. Na san jumhur sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, Ɗabari ne ya tafi a kan wajibci. To amma ko a mustahabbin, ta yaya abin da aka kwaɗaitar ya koma cin fuska? Malaman Malikiyya na Andalus da Magrib fanni guda suka ware wa rubuta yarjejeniya, ilimin wasiƙoƙin shari'a. Tuhfar Ibnu Asim da ake biyawa a zaurukanmu cike take da babukan shaida da lamuni da jingina. Ba don suna zargin Musulmi suka yi wannan wahala ba. Sun san mutum yana mantuwa, yana mutuwa, magada kuma ba su halarci cinikin ba.

Abin da 'yan kasuwarmu da yawa ba su sani ba shi ne, dokar da Malam ke gudu ta fi su sassauci a nan. Tun yarjejeniyar Port Louis ta 17 ga Oktoban 1993, Kamaru tana cikin ƙungiyar OHADA, ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci guda, har da Nijar da Cadi da Benin da Togo, babban ofishinta ma a Yawunde yake. Dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta ce a sashe na 5 ana iya kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Ke nan saƙon WhatsApp, da rasidin tura kuɗi ta waya, da littafin shago da aka kiyaye, duk abin ajiyewa ne a gaban alƙali. Amma ga inda gizo ke saƙar: masuncin da ke sayar da abin da ya kamo da hannunsa, alƙali yana iya ƙin ƙidaya shi ɗan kasuwa, sai a koma ga dokar farar hula mai tsananta neman rubutu. Wannan sashen dai ya buɗe mafita, ya ce in akwai ko da somin hujja a rubuce, ɗan kasuwa na iya cike sauran da kowace irin shaida. Guntun takarda mai ɗauke da adadi da rana da sa hannun wanda ya karɓa, ko a bayan kwalin sukari aka rubuta ta, ita ce ke ba shaidunka damar buɗe baki. Wanda Malam ya hana shi neman wannan takarda, ya ɗaure masa hannu ne tun ba a fara ba.

Ka ce kotu jinkiri ce da cin kuɗi. A nan ba zan yi maka musu mai yawa ba. Duk wanda ya taɓa zama a harabar kotun Bonanjo ko ta Ndokoti ya ji ana ɗage shari'a wata bayan wata, da Faransancin da ko mai digiri sai ya kasa kunne, ya san ba ƙarya ka yi ba. Kuɗin rajista da na lauya da na wisiye, mai isar da sammaci da kama kaya, duk daga aljihun mai ƙara suke fara fita. Bashin jaka 20 bai cancanci wannan hanya ba, a yi sulhu ko a yafe.

Sai dai ka haɗa kowace ƙara a buhu ɗaya. Akwai gajeriyar hanya da aka tanada domin bashi tun dokar OHADA ta 1998, aka gyara ta a Kinshasa a 2023, gyaran ya fara aiki a Fabrairun 2024: umarnin biya. In bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne, ajalinsa ya cika, kuma daga yarjejeniya ya taso ko daga cakin da banki ya mayar, mai bin bashi yakan shigar da takardar buƙata tare da hujjojinsa, shugaban kotu ya duba ba tare da an kira ɗaya ɓangaren ba. In ya gamsu ya sa hannu, wisiye ya kai wa wanda ake bi. Shi kuma yana da kwana 10 ya yi jayayya. Da 15 ne kafin gyaran. In ya yi shiru, takardar ta zama hukuncin da za a iya tare asusun banki da shi, ko a kama kaya. Sabon gyaran har babi ya yi wa kamun dabbobi, abin da ya kamata dillalan shanu su sani ta fuska biyu. Bashin da bai wuce sefa miliyan 10 ba ƙaramar kotu ake kaiwa, wanda ya haura kuwa sai babbar kotun Wuri. Mai taurin bashi yana iya jan lamarin da jayayya da ɗaukaka ƙara, ban ɓoye ba, har a dangana da kotun ƙolin OHADA da ke Abijan, don ita ce ƙarshe a irin wannan shari'a, ba ta Yawunde ba. Amma duk wannan hanya a kan takarda aka gina ta. Mai hannu wofi ne ke faɗawa doguwar shari'ar da Malam ke tsoratar da mu da ita.

Akwai kuma agogon da ke tafiya yayin da muke kawaici. Haƙƙin ƙara a kan bashin kasuwanci yana faɗuwa bayan shekara 5, na sayar da haja tsakanin 'yan kasuwa kuwa shekara 2 ne kacal. Mutum ya yi ta jin nauyi, wannan ya ce a bari bayan salla, wancan ya ce a bari kaya su iso, ranar da haƙurinsa ya ƙare sai a ce masa lokaci ya shige. Amincewar wanda ake bi cewa lallai ana bin sa tana mayar da lissafin sabo. Nan ma sai an iya nuna ta.

Batun cewa kotu tana kashe sulhu, dokar da kanta ta amsa shi. Idan wanda ake bi ya yi jayayya da umarnin biya, matakin farko da aka ɗora wa kotu shi ne ta gwada sasanta su. In ya faskara, nauyin kafa hujja yana kan mai da'awa, ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya haddace. Sannan a 23 ga Nuwamban 2017, a Konakiri, OHADA ta fitar da doka sukutum a kan shiga tsakani. Masu rigima su ke zaɓen wanda suka yarda da shi, ba a ce sai alƙali ko lauya ba. Abin da suka daidaita a kai, in an rubuta an sa hannu, ya zama tilas a kansu, kuma ana iya kai shi kotu ta buga masa hatimin zartarwa. Ma'ana, zaman da ake yi a zauren sarki ko a gaban liman bayan la'asar, da a ce za a tashi da takarda maimakon fatiha kawai, da ya sami haƙoran da ya rasa. Ni ban ce a bar zaure ba. Cewa na yi a ajiye marubuci a cikinsa.

Riba fa? Alƙalin farar hula ba ya ba ka abin da ba ka roƙa ba. Takardar buƙatar tana neman ka fayyace adadin da kake bi filla-filla. Rubuta uwar kuɗinka da abin da ka kashe, ka bar kuɗin ruwa, ba mai tilasta maka. Mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa kuwa bai zama haram don da Faransanci aka rubuta hukuncin ba, alhali hadisi ya ƙidaya jan bashi daga mai hali cikin zalunci.

Wuri guda ne zan ƙara wa Malam hujjar da bai kawo ba. Najeriya ba ta cikin OHADA. In wanda kake bi ya tsallaka Kalaba ko ya koma Kano, umarnin da aka sa wa hannu a Duwala ba ya bin sa kai tsaye. Can ma sai ka san ƙofar da za ka buga, domin Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke tun 2005, a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna, cewa rigimar yarjejeniya zalla ba ta Babbar Kotun Tarayya ba ce, ta babbar kotun jiha ce. Ga manyan 'yan kasuwa masu lodin tirela, mafita ita ce su rubuta tun farko cewa masu hukunci na zaɓi ne za su raba su, don ƙasashen biyu duk sun shiga yarjejeniyar New York ta 1958 mai zartar da irin wannan hukunci a ƙetare. Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, maigida da lamuni sun fi masa komai a nan, kuma wannan rabon Malam ne, na ba shi.

Saura abin da majalisin ya yi shiru a kai. Mutanenmu da aka ce musu kotu ƙazanta ce, in sulhu ya watse ba gida suke komawa su yi tawakkali ba. Komisariya suke tafiya, ko wurin jandarma. A can sai bashin albasa ya rikiɗe ya zama cin amana ko damfara a ƙarƙashin sashe na 318 na dokar laifuka, mai ɗaurin shekara 5 zuwa 10. A tsare mutum ranar Juma'a, danginsa su yi ta karo-karo har Litinin, rabin abin da aka tara ya tafi a hanya. In abin ya ƙi, ya wuce gidan yarin da ke cikin New Bell ɗin nan, wanda aka gina domin ɗaruruwa yake ɗauke da dubbai, shagonsa a rufe, bashin kuma yana nan. Wanda aka tsare sau da yawa ba macuci ba ne, gobara ce ta cinye masa rumfa, kamar yadda ta sha yi a Kasuwar Kongo, ko kaya suka ruɓe a hanyar Ngaundere. Ayar 280 a Suratul Baƙara dai ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Kotun farar hula tana iya ba shi wa'adi har na shekara guda. Ɗakin tsaro ba ya ba da ko kwana. Na ji Malam ya yi dogon bayani a kan haramcin tsayawa gaban alƙalin Bonanjo. Ina jiran in ji a wane babi ya samo halaccin kai ɗan'uwa bayan kanta saboda kuɗin buhu goma.