Zare: Ya shiga hannun 'yan sanda lafiya lau, bayan awa ɗaya sai gawa

1/ Jiya wani ya shigo ƙarƙashin rubutuna yana cewa, "Ai a ƙasar Turawa ɗan sanda ba ya kashe mutum ya kwana lafiya, can doka na aiki." Na ce masa zan dawo. To ga ni. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. Ostireliya za mu je.

2/ Kafin Ingila ta kafa mulki a can a 1788, ƙasar na da mutanenta tun dubban shekaru, su ne Aborijin. Yau ba su kai kashi 4 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma kusan ɗaya cikin kowane fursuna uku nasu ne.

3/ Akwai wani wuri a jihar Kwinsilan, Tsibirin Palm. Tun 1918 gwamnati ke kwaso Aborijin daga ƙabilu daban-daban tana zubewa a can, musamman waɗanda take ganin suna da taurin kai. Kurkuku ne da teku ya zama masa katanga.

4/ Ranar 19 ga Nuwamba 2004, da hantsi, Saja Chris Hurley ya kama Cameron Doomadgee, ɗan shekara 36, a tsibirin. A al'adarsu ba a kiran sunan mamaci, shi ya sa ake ce masa Mulrunji, ni ma haka zan kira shi. Laifinsa? Ya sha giya, ya yaɓa baƙar magana a titi. Shi ke nan fa.

5/ Ba zan ɓoye muku komai ba: da za a fito da shi daga mota a caji ofis, ya kai wa Hurley naushi. Suka yi kokawa, suka faɗi a bakin ƙofa. Aka ja shi zuwa sel. Kyamarar sel ɗin ta ɗauke shi yana murƙususu yana kiran agaji. Kimanin awa ɗaya da kama shi, ya cika.

6/ Binciken gawa: haƙarƙari huɗu sun karye, hanta ta kusa rabewa biyu, babbar jijiyar da ke kai mata jini ta fashe. Irin raunin da ake gani a mummunan haɗarin mota. Mutumin da ya fito gida lafiya lau da safe.

7/ Nan ne inda nake so ku tsaya. Wa aka turo bincike? 'Yan sanda, cikinsu har da abokin Hurley. Wa ya je filin jirgi ya ɗauko su? Hurley. A ina suka ci abincin dare a ranar da mutumin ya mutu? A gidan Hurley. Haba jama'a! Kura ce aka ba ajiyar nama, aka kuma ce ta rubuta rahoton yadda ya ɓata.

8/ Ba a dakatar da shi nan take ba, ba a ɗauke shi a matsayin wanda ake zargi ba. Akwai wani ɗan tsibirin da ke cikin ofishin, ya ce ya ga alamar duka. Wannan maganar ba a isar da ita ga likitan da ya fara duba gawar ba. Tun a waɗannan kwanakin aka gama da shari'ar, sauran duk zaman cika takarda ne.

9/ Bayan mako ɗaya aka karanta wa mutanen gari sakamakon binciken gawa, da maganar wai faɗuwa ce. Ransu ya ɓaci, suka cinna wa caji ofis da kotu da gidan 'yan sanda wuta. Ku ga saurin gwamnati yanzu: dokar ta-ɓaci, jirage, 'yan sanda fuska a rufe, bindiga a hannu, suna fasa gidaje. Wani mai suna Lex Wotton, a gaban 'ya'yansa suka harbe shi da bindigar lantarki.

10/ Gini ya ƙone, cikin awoyi hukuma ta zo da ƙarfinta. Mutum ya mutu, sai da aka shekara biyu ana jan ƙafa.

11/ A Satumba 2006 mai binciken sanadin mutuwa, Christine Clements, ta ce Hurley ne ya jawo raunin da ya kashe Mulrunji. A Disamba ofishin gabatar da ƙara na jihar ya ce ba zai gurfanar da shi ba. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi, aka kira tsohon alƙali Laurence Street ya sake dubawa, sannan aka tuhume shi da kisan da ba na ganganci ba.

12/ Da farko Hurley ya ce a gefen Mulrunji ya faɗi. A kotu ya ce lallai a kansa ya faɗa, bisa tsautsayi. A Yuni 2007, a Townsville, masu taya alƙali yanke hukunci, babu Aborijin ko ɗaya a cikinsu, suka wanke shi cikin 'yan awoyi.

13/ Na san abin da wasunku za su ce: "Kotu ta wanke shi, magana ta ƙare." Eh, ta wanke shi, kuma ban zo in ce na fi kotu sani ba. Amma kotu da abin da aka ajiye mata a gaba take aiki. In abokanka ne suka tattara shaidar bayan sun ci tuwon gidanka, me kake tsammanin zai isa gaban alƙali? Ba a ɓata rawa tun daga ganga sannan a ce mai tsalle ne bai iya ba.

14/ An soke binciken Clements, aka sake wani a 2010. Shi wannan ya ce ba zai iya tantance ko ganganci ne ko tsautsayi ba, amma ya gano 'yan sanda sun haɗa baki don kare Hurley. A 2011 rundunar ta ce babu wanda za ta ladabtar cikin waɗanda suka yi binciken. Ko ɗaya.

15/ To wa ya shiga gidan yari? Lex Wotton. A 2008 aka yanke masa shekara shida kan tarzoma. Da aka yi masa sakin talala a 2010, sai da aka gindaya masa sharaɗi kan magana da 'yan jarida. A 2008 ɗin nan kuma aka rataya wa wasu 'yan sanda lambar jarumta kan ranar tarzomar.

16/ Kar wani ya ce ina goyon bayan ƙone-ƙone. Ba na yi. Tambayata ɗaya ce: ina aka samo ma'aunin da ya fi jin nauyin bulo da kwano a kan hantar ɗan Adam?

17/ Abin da ya fi ci min rai, sun san maganin tun tuni. Hukumar bincike ta ƙasa ta duba mutuwar Aborijin 99 a hannun hukuma, ta fitar da shawarwari 339 a 1991. A ciki akwai cewa kamu ya zama matakin ƙarshe, kuma zagi kaɗai bai kamata ya kai mutum sel ba. Shekara 13 kafin Mulrunji ke nan. Daga 1991 zuwa yau, waɗanda suka mutu a tsare sun haura 500.

18/ Wotton bai yi shiru ba, ya maka jihar a kotu. A Disamba 2016 Mai shari'a Debra Mortimer ta Kotun Tarayya ta yanke cewa 'yan sanda sun karya dokar hana wariyar launin fata a yadda suka yi binciken da kuma farmakin gidaje. A 2018 gwamnatin Kwinsilan ta yarda ta biya mutanen tsibirin dala miliyan 30 ta Ostireliya, ta kuma ba da haƙuri.

19/ Abokina na jiya zai ce, "Ka gani ko? Doka ta yi aiki." Malam, kuɗin daga baitulmali suka fito, ba daga aljihun wani ɗan sanda ba. Kuma diyyar wulaƙancin da aka yi wa gari ce, ba hukuncin ran da aka rasa ba.

20/ Ɗan Mulrunji bai ga wannan ranar ba, ya kashe kansa a 2006 ana tsaka da jiran sakamakon bincike. Mutumin da aka kulle su sel ɗaya da mahaifinsa a wancan hantsin, shi ma ya bi bayansa a Janairun 2007.